Ɗibar Ruwan Teku Domin Renon Jariran Kifi, Jatan Lande da Kawa

Wanda ya gina gidan ƙyanƙyasa da reno a bakin teku yakan zaci ruwa ne abu na ƙarshe da zai ba shi wahala, tunda ga shi nan shimfiɗe a gabansa iya ganin ido, babu mai sayar masa, babu kuma ranar da zai ƙare. Sai an fara aiki ake gane cewa ruwan da manyan kifaye ke iyo a cikinsa lafiya lau yana iya hallaka tankin jarirai miliyan guda a dare ɗaya, ba tare da ya canza launi ko ya yi wari ba. Dalilin yana jikin jariran ne. Jaririn kawa, halittar teku mai ɓawo biyu, a yininsa na farko bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, jaririn yawancin kifayen teku kuwa yakan fito daga ƙwai da tsawon milimita 2 zuwa 4, ba shi da ɓawon jiki, gaɓoɓin numfashinsa ba su gama ƙira ba, garkuwar jikinsa ba ta kafu ba, ta fata yake shaƙar iska, kuma yana shan ruwan da yake ciki tun kafin bakinsa ya iya kama abinci. A cikin teku mutuwar mafi yawan irin waɗannan jarirai ba ta damun kowa, domin uwa ɗaya tana zubar da ƙwai dubbai ko miliyoyi. A gidan reno kuwa an tara su ne a wuri ɗaya, cikin cunkoson da babu irinsa a teku, ana zuba musu abinci kullum, saboda haka ƙaramin aibi a ruwa yana samun inda zai yi girma.

Masu bincike sun daɗe da sanin cewa ruwan teku ba iri ɗaya ba ne ko da ma'auni ya nuna gishirinsa ɗaya. A shekarar 1951 Douglas Wilson, na cibiyar nazarin halittun teku da ke Plymouth a Ingila, ya wallafa sakamakon wani gwaji da ya yi da jariran bushiyar teku, wata dunƙulalliyar halitta mai ƙaya, da na wasu tsutsotsin teku. Ya rena wasu a ruwan da aka ɗebo kusa da Plymouth, wasu kuma a ruwan da aka kawo daga can yamma, wajen Tekun Keltik, sai ya ga na ruwan yamma suna girma da kyakkyawar siffa, na ruwan kusa kuma da yawansu suna nakasa, alhali ido ba ya bambanta ruwan biyu. Wannan gwaji ya cancanci a riƙa tunawa da shi, domin har gobe kuskuren da ya fi yawa a wannan sana'a shi ne auna tsabtar ruwa da garau ɗinsa. Abin da ke yawo a ruwa, kamar laka da ɓarɓashin ganye da ƙananan halittu, shi ne ido ke gani, shi ne kuma mafi sauƙin cirewa. Abin da ya narke a cikinsa, kamar burbushin jan ƙarfe, maganin ƙwari, mai, amoniya, gubar gansakuka ko iskar da ta yi yawa, ba ya tsayawa a matata, kuma shi ne ya fi kisa. A ganina wannan ne ya sa babban aikin yake ƙarewa tun kafin a kunna famfo, wato a wajen zaɓen wurin da za a ɗiba, da zurfin da za a ɗiba, da lokacin da za a ɗiba. Na'urorin tacewa suna gyara ruwa mai ɗan dama, amma da wuya su mai da mugun ruwa ya zama nagari a kan kuɗin da sana'ar za ta iya ɗauka.

Batun wuri shi ne wanda ba ya gyaruwa bayan an zuba kankare, tun ran gini ake zane. Ruwan tsakiyar teku yana da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, kuma wannan adadi ba ya motsi sosai daga wata zuwa wata. A bakin gaɓa labarin ya sha bamban, musamman kusa da inda kogi ke shiga teku. Kogi yana kawo ruwan daɗi wanda ke tsinka gishirin, yana kawo laka, yana kuma kwaso duk abin da aka zuba a gonaki da magudanan birane da masana'antun da ya ratsa. Wasu halittun, irin su kawa, suna jure raguwar gishiri idan sun girma, har ma sun fi son mahaɗar kogi da teku, amma ƙwai da jariran yawancin jatan lande da kifayen teku suna buƙatar gishirin da ya kusanci na tsakiyar teku, kuma abin da ya fi cutar da su shi ne sauyin bazata, ba adadin kansa ba. Shi ya sa wanda ya auna ruwan wuri a lokacin rani kaɗai ya yanke shawara bai auna komai ba tukuna. Sai an bi wurin shekara cikakkiya, an ga yadda yake bayan ruwan sama mai ƙarfi, da lokacin da iska ta juya, da lokacin da manoma ke feshi, kafin a san halinsa.

Tashar jiragen ruwa da wurin gyaran kwale-kwale suna da nasu haɗarin na daban, wanda tarihin kawa a Faransa ya nuna ƙarara. A ƙarshen shekarun 1970 noman kawa a mashigin Arcachon ya kusa durƙushewa, jarirai suka daina mannewa su girma, manyan kuma ɓawonsu ya riƙa yin kauri yana karkacewa. Da aka bi diddigi sai aka gano cewa fentin da ake shafa wa cikin jiragen ruwa don hana halittu mannewa, mai ɗauke da sinadarin TBT, shi ne ke narkewa a ruwa a ɗan mitsitsin adadi yana wannan ɓarna. Faransa ta hana shafa shi a jiragen da ba su kai mita 25 ba a 1982, yarjejeniyar duniya da ta haramta shi kuma ta fara aiki a 2008. Fentin da suka maye gurbinsa yawanci jan ƙarfe ne a cikinsu, wanda shi ma 'yan maikirogiram (kashi ɗaya cikin miliyan na giram) kaɗan a lita sun isa su hana ƙwan kawa zama jariri mai ɓawo. Don haka ruwan da ke kwance a tsakanin jirage, komai kyawunsa a ido, ba na reno ba ne.

Zurfi kuma yana da iyaka biyu da ake gudu. Saman ruwa, wato fatar nan da ba ta kai milimita ɗaya ba, nan ne mai da kitse da ƙura da ƙwayoyin cuta ke taruwa fiye da ko'ina, kuma bayan ruwan sama ruwan daɗi yakan kwanta a sama domin bai kai na gishiri nauyi ba. Ƙasan ruwa kuwa nan ne laka da ruɓaɓɓun abubuwa suke, iskar oksijin tana ƙaranci, wani lokaci ma akan sami iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda guba ce ga duk mai numfashi. Saboda haka ake ɗaga bakin bututu sama da ƙasan teku a kan turke ko dandamali, a kuma tabbatar yana nutse sosai ko a ranar da teku ta janye iyakar janyewarta. Akan sa masa raga mai faɗi domin ruwa ya shiga a hankali, kada ƙarfin zuƙa ya riƙa manne kifaye da ciyayi a bakinsa. Dokar Amurka kan manyan bututan da tashoshin lantarki ke jan ruwa da su ta ɗauki gudun kimanin santimita 15 a daƙiƙa a matsayin abin da yawancin kifaye ke iya tsere wa, kuma wannan adadi ya zama abin koyi ga masu gina ƙananan wurare ma.

Lokaci shi ne ɓangaren da aka fi rainawa, alhali shi ne wanda ba ya cin kuɗi. A yawancin gaɓoɓi teku tana cika tana janyewa sau biyu a yini, kuma kowace rana lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50, cikar tana fin ƙarfi a wajen tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Idan teku tana cika, ruwan waje ne ke shigowa, mai cikakken gishiri da ƙarancin datti. Idan tana janyewa, ruwan da ya wanke fadamu da magudanai da bakin kogi ne ke fita ta gaban bututun. Shi ya sa ƙwararru suke jan ruwa daga tsakiyar cika zuwa ƙololuwarta, su tara a manyan tankuna ko tafkin da aka shimfiɗa wa leda, su kashe famfo idan ta fara komawa. Akwai kuma zagayen dare da rana. A mashigi marar zurfi mai ciyawar teku da gansakuka, tsirrai suna zuƙe iskar kabon da rana su saki oksijin, da dare kuma komai yana numfashi ba mai mayarwa, don haka ruwan asuba ya fi tsami, ya kuma fi ƙarancin oksijin, ruwan la'asar ya fi kyau ta waɗannan fuskoki biyu. Wurin da ke da ma'ajiyar ruwa da za ta riƙe shi kwana biyu ko uku yana da 'yancin cewa a'a ga ruwan da ya biyo bayan hadari, ko ruwan da ya rine ja ko ƙasa-ƙasa saboda yaɗuwar gansakuka mai guba. Wanda ba shi da ma'ajiya dole ya karɓi duk abin da teku ta kawo.

Abin da ya faru a gaɓar yammacin Amurka ya nuna nauyin wannan batu fiye da kowane bayani. Daga 2007 gidan ƙyanƙyasar kawa na Whiskey Creek, da ke mashigin Netarts a jihar Oregon, wanda manoman kawa da yawa suka dogara da shi wajen samun iri, ya fara asarar jarirai tanki bayan tanki. Zargi na farko ya faɗa kan wata bakteriya mai suna Vibrio tubiashii, kuma lalle an same ta a ruwan, don haka aka kashe kuɗi wajen na'urorin tsabtace ruwa. Bakteriyar ta ragu, mutuwar ba ta tsaya ba. Sai da Alan Barton, wanda ke aiki a wurin, tare da masu bincike na Jami'ar Jihar Oregon, suka jera ranakun mutuwa kusa da bayanan iska da na sinadaran ruwa, sannan lamarin ya fito fili. Da bazara iskar arewa tana tura ruwan sama zuwa cikin teku, ruwan can ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa, shi kuwa wannan ruwa cike yake da iskar kabon, don haka ya fi tsami, kuma yana da ƙarancin sinadarin kabonet wanda jaririn kawa ke gina ɓawonsa na farko da shi cikin kwana biyun farko na rayuwarsa. Ruwan garau yake, mai sanyi, daga nesa da duk wata ƙazanta, amma jaririn da aka ƙyanƙyashe a cikinsa yana ƙarar da ɗan guzurin da ya fito da shi daga ƙwai wajen faman gina ɓawo, ya kuma mutu bayan kwanaki, lokacin da ruwan da ya jawo masa ya riga ya wuce. An wallafa binciken a 2012. Maganin da aka samu bai wuce abu uku ba, wato auna ruwan da ke shigowa ba dare ba rana, cika tankuna da yamma maimakon safiya, da ƙara sinadarin sodiyam kabonet don rage tsamin. Matata ko ɗaya ba ta cikin maganin.

Hanyar shigo da ruwan iri biyu ce, kowace da ribarta da wahalarta. Ko dai a miƙa bututu kai tsaye cikin teku, ko kuma a ja ruwan ta ƙarƙashin yashi, ta hanyar haƙa rijiya a gaɓa ko binne bututai masu huji a ƙarƙashin tsakuwa da rairayi inda teku ke rufewa. Hanya ta biyu tana da daɗi ƙwarai inda ƙasa ta yarda, domin yashin gaɓa yana tace ruwan kyauta, yana tsare laka da ƙwan halittu da yawancin gansakuka, zafin ruwan kuma ba ya hawa da sauka sosai. Sai dai ruwan da ya ratsa ƙasa yakan fito da ƙarancin oksijin, wani lokaci ɗauke da narkakken ƙarfe da manganis. Za ka ga ya fito fari tas daga famfo, bayan sa'o'i kaɗan da shan iska ya koma ruwan tsatsa, ƙurar tsatsar kuma ta kwanta a jikin ƙwai da jarirai. Haka nan ruwan daɗi na ƙarƙashin ƙasa yana iya cakuɗuwa da shi ya rage gishirin, musamman da damina. Irin wannan ruwa sai an busa masa iska an bar shi ya kwanta an sake tacewa.

Bututun da ke buɗe cikin teku kuwa babbar matsalarsa ita ce halittu suna mai da shi gida. Jariran ƙananan halittu masu ɓawo suna shiga tare da ruwa, su manne a bangon ciki inda babu mai cinsu kuma abinci yana wucewa dare da rana. Cikin 'yan watanni, idan aka yanka bututun, za a ga ramin da hannu ke shiga ya tsuke da ɓawo a kan ɓawo, ruwan da ke wucewa ya ragu, famfo yana wahala, kuma waɗannan halittu suna cinye oksijin suna zubar da amoniya a ruwan da ake kai wa jarirai. Mafi muni shi ne ranar da wuta ta ɗauke na tsawon lokaci, suka mutu a ciki suka ruɓe, aka kunna famfo aka tura ruwan kai tsaye cikin tanki. Saboda haka wuraren da aka gina da tunani suke da bututu biyu, ana amfani da ɗaya, ɗayan a toshe har abin da ke ciki ya mutu don rashin iska, sannan a wanke shi zuwa waje kafin a koma kansa. Akan kuma cusa wani toshi mai kaushi a tura shi da ƙarfin ruwa ya kankare bangon. Gidan baje kolin halittun teku na Monterey a Kalifoniya, wanda aka buɗe a 1984 kuma yake jan kimanin lita 7,500 a minti ɗaya, da wannan dabara yake tsabtace bututansa.

Akwai wasu illoli guda biyu da gidan reno ke jawo wa kansa bayan ruwan ya baro teku lafiya. Na farko shi ne kayan aikin. Famfo mai fanka ta tagulla, makunnin ruwa na tagulla, bututu mai rufin tutiya, ko ƙusa ɗaya ta jan ƙarfe da ta faɗa tanki, duk suna sakin guba a hankali cikin ruwan gishiri, shi ya sa ake amfani da roba mai ƙarfi da zaren gilashi, inda kuma dole sai ƙarfe, kamar wajen ɗumama ruwa, a nemi taitaniyam. Sabuwar roba ma da gam ɗin da aka haɗa ta da shi suna buƙatar a jiƙa su a yi ta zubar da ruwan kwanaki kafin a amince da su. Na biyu shi ne iska. Idan akwai ɗan tsagu a bututu ta ɓangaren da famfo ke zuƙa, iska tana shiga, matsin famfon ya narkar da ita a ruwa fiye da kima. Haka kuma idan aka ɗumama ruwa mai sanyi a rufaffen bututu, domin ruwan ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. Da irin wannan ruwa ya shiga tanki, iskar naitirojin da ta yi yawa takan fito a matsayin ƙananan kumfa a cikin jikin jariri, a hanjinsa ko ƙarƙashin fatarsa, sai a gan su suna yawo a saman ruwa sun kasa nutsewa. Ƙarin kashi kaɗan cikin ɗari ya isa. Alamar da mai lura ke gani ita ce kumfa ƙanana suna tsirowa a bangon tanki ko a gashin hannunsa idan ya tsoma, maganin kuma shi ne a sa ruwan ya zubo daga sama ta cikin tarin ƙananan robobi ya farfashe kafin ya isa wurin jarirai.

Tacewa ita ce ɓangaren da aka fi rubutu a kai, kuma ita ce mafi sauƙin fahimta. Ana barin ruwa ya kwanta laka ta sauka, a bi da shi ta matatar yashi, sannan ta jerin matatai masu ƙara tsukewa, daga masu huji maikiron 10 zuwa 5 zuwa 1 (maikiron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), gwargwadon inda za a kai shi. Ruwan da za a noma gansakukar da ake ciyar da jarirai da shi ya fi kowane buƙatar tsanani, ruwan iyayen da ke ba da ƙwai kuwa sau da yawa matatar yashi ta wadatar. Tun a 1920 William Wells, a jihar New York, ya yi amfani da na'urar da ke juya madara da tsananin sauri don tace ta wajen raba jariran kawa da tsohon ruwansu don ya sauya musu sabo, daga baya kuma Joseph Glancy ya riƙa juya ruwan teku da irin wannan na'ura don fitar da manyan halittu ya bar ƙananan da jarirai ke ci. Abin lura kawai shi ne matatar da ba a wankewa tana komawa matattarar ƙwayoyin cuta, ruwan da ya fito daga cikinta ya fi wanda ya shiga muni.

Kashe ƙwayoyin cuta ne inda ra'ayoyi suka rabu. Babu musun cewa akwai abin tsoro. Cutar farin tabo ta jatan lande, wadda aka fara gani a gabashin Asiya a 1992 ta kuma isa Latin Amurka a 1999, tana iya shigowa a jikin ƙananan kaguwa da makamantansu da ruwa ya kwaso, bakteriyar Vibrio harveyi kuma tana sa jariran jatan lande su riƙa ƙyalli a duhu kafin su mutu. Kowace hanyar kisa tana da sharaɗinta. Hasken UV, wanda wata fitila ta musamman ke fitarwa don kashe ƙwayoyin cuta, ba ya barin komai a ruwa, amma sai ruwan ya riga ya yi garau, domin ƙwayar cuta tana fakewa a bayan ƙurar laka, kuma ƙwan fitilar yana raunana bayan kimanin shekara ɗaya ko da yana ci gaba da haske. Kulorin yana da araha, gidajen jatan lande sukan zuba miligiram 10 zuwa 20 a lita su bar shi ya kwana, sai dai dole a kashe shi da sinadarin tayosalfet ko da busa iska, a kuma auna a tabbatar ya ƙare, domin ragowarsa guba ce, yawan tayosalfet ɗin shi ma illa ne. Iskar ozon ta fi su ƙarfi, amma ruwan teku yana ɗauke da kimanin miligiram 65 na buromaid a kowace lita, ozon kuma yana mai da shi wasu sinadarai masu ƙuna da suke daɗewa a ruwa bayan shi kansa ya ɓace, har su hana ƙwai ƙyanƙyashewa idan ba a bi da ruwan ta gawayin tacewa ba.

Matsala mafi zurfi ita ce ruwan da aka kashe komai a cikinsa ba ya zama haka. Lamarin kamar gonar da aka share aka watsa wa taki aka tafi ne, ciyawa mai saurin tsiro ce za ta fara cika ta. Abincin bakteriya yana nan a ruwan, har ma ya ƙaru da gawarwakin waɗanda aka kashe, masu gasa kuma babu, don haka nau'in da ya fi saurin hayayyafa ne ke mamaye tanki, kuma da yawa daga cikin masu cutar da jarirai, ciki har da dangin Vibrio, irin waɗannan ne. Tun a shekarun 1990 masu bincike a Trondheim ta ƙasar Norwe, cikinsu har da Olav Vadstein, suka nuna cewa idan bayan tsabtacewa aka bi da ruwan ta wata matata mai rai, inda bakteriya marasa cutarwa masu jinkirin girma suka riga suka zauna suka cinye abincin, jariran kifi sukan fi rayuwa, sakamakon kuma ya fi daidaituwa daga tanki zuwa tanki. Wannan hujja ta gamsar da ni. Ma'anarta ba a daina kashe ƙwayoyin cuta a bakin shiga ba ne, a'a, a daina zuba ruwan da aka gama kashewa nan take a kan jarirai, a ba shi lokaci da wurin da zai sake cika da mazauna nagari.

Mai ƙaramin wuri, kamar ɗakin gwaji ko mai renon murjani ko 'yan tankunan gwaji, wanda ke ɗibar ruwa da jarkoki, waɗannan ƙa'idoji ba su sauya masa ba, girman ne kawai ya ragu. Yakan fita da kwale-kwale ya wuce inda igiya ke karyewa tana tayar da yashi, ya kashe inji, ya ɗiba ta gefen da ruwa ke zuwa ba ta gefen da hayaƙi da man inji ke bi ba, ya nutsar da bakin tiyo ko na jarka kamu biyu ko uku ƙasa da sama. Jarkar ta zama wadda aka yi don abinci ko ruwan sha, ba wadda ta taɓa ɗaukar mai ko sabulu ko maganin feshi ba, domin roba tana riƙe waɗannan abubuwa komai wanki. Daga nan zaɓi biyu ne, ko a tace a yi amfani da shi a yinin, ko a rufe a ajiye a duhu makonni. Tsakanin biyun ne haɗari yake. Tun a 1936 Claude ZoBell, na cibiyar Scripps a Kalifoniya, ya bayyana yadda bakteriya ke ninkuwa a ruwan teku cikin kwanakin farko bayan an zuba shi a kwalba, domin ƙananan halittun da ke ciki suna mutuwa su zama abinci, bangon mazubin kuma ya zama wurin mannewa. Bayan makonni abincin yakan ƙare, adadin ya sauka, tarkace ya kwanta, sai a tsiyaye na sama a hankali a busa masa iska. Ruwan kwana uku ko huɗu shi ne mafi muni. Wanda teku ta yi wa nisa, ko wanda gaɓarsa ba ta da amana, yana iya haɗa ruwansa da gishirin teku na kamfani da tataccen ruwa, hanyar da ke da tsada ga babban wuri amma take raba mutum da ruwan sama da gansakuka mai guba gaba ɗaya.

Awo na yau da kullum, wato gishiri, zafi, oksijin, amoniya da ma'aunin tsami na pH wanda a lafiyayyen ruwan teku yake kusa da 8.1, amfaninsa yana cikin rubuta shi kullum a lokaci ɗaya tare da yanayin teku da iska da ruwan sama, domin littafin da aka cika shekara biyu ne zai nuna abin da awon rana ɗaya ba zai nuna ba, kamar yadda aka gani a Oregon. Abin da na'ura ba ta kamawa kuma akan tambayi halittar da kanta. Ana ɗaukar ƙwan kawa ko na bushiyar teku da aka barbara, a raba shi a ƙananan kofuna, wasu da ruwan da ake tuhuma, wasu da ruwan da aka amince da shi, bayan kwana ɗaya ko biyu a ɗora ɗigo a ƙarƙashin madubin ƙara girma a ƙirga. A ruwa mai kyau za a ga jariran kawa sun yi ɓawo mai santsi, gefe ɗaya a miƙe ɗayan a lanƙwashe kamar harafin D, suna juyi da sauri. A ruwa mai aibi za a ga ɓawon ya ɓantare ko ya lotsa a wajen maɗaurinsa, wasu kuma dunƙulen tsoka ne kawai babu ɓawo. Gwajin ba ya faɗin sunan gubar, amma yana hana a zuba jarirai miliyan goma a ruwan da ƙwai ɗari biyu suka ƙi.

Saura batun ruwan da gidan ke fitarwa, wanda ke ɗauke da ragowar abinci, kashi, magunguna, da duk cutar da ta taɓa ɓulla a tankuna. Idan bututun fitarwa yana kusa da na shigarwa, ko yana ta ɓangaren da ruwan gaɓa ke gangarowa daga gare shi, gidan yana sake shan abin da ya zubar, kuma a gaɓoɓin da gidajen ƙyanƙyasa suka jeru kusa da juna, magudanar wani ita ce mashayar maƙwabcinsa. Ruwan gaɓa yana iya juyawa da juyawar teku ko da sauyin iskar shekara, don haka kafin a kafa bututan biyu akan saki abin da ke yawo a ruwa ko rini marar guba a bi shi a ga inda yake nufa a lokacin cika da lokacin janyewa, a rani da damina. Ruwan tankin da cuta ta kama kuwa ana zuba masa kulorin a kashe shi a cikin gida, a kashe kulorin ɗin shi ma, sannan a sake shi ta tafkin da laka za ta kwanta kafin ya koma teku.